Henri Gouraud, sojan da aka aiko ya buɗe hanyar Filinge zuwa Tawa

Mai tafiya daga Yamai zuwa Tawa ta hanyar arewa yakan bi Baleyara, ya shiga kwarin Dallol Boso, ya wuce Filinge, sannan ya karkata gabas ta Sanam. Muddin yana cikin dallol ruwa ba ya nisa da shi, gaba kaɗan za a haƙa a tarar. Da zarar ya hau tudu ya doshi Adar kuwa, sai ƙasa ta sauya fuska: fako da tsakuwa, geza da sabara, ga rijiyoyi masu zurfin da sai an ɗaura wa raƙumi ko takarkari igiyar wasaki, yaro ya kora shi ya yi nisa kafin ruwa ya iso baki. Babu zinariya a wannan tsakani, babu babban birni. Duk da haka, a shekarar 1901 yana cikin wuraren da suka fi hana manyan sojan Faransa barci, kuma saboda shi aka aiko wani hafsa ɗan shekara 33 mai suna Henri Gouraud, wanda daga baya ya riƙe mulkin ƙasar da muke kira Nijar a yau.

Musabbabin abin wata takarda ce da aka sa wa hannu a birnin Paris ranar 14 ga Yuni, 1898. Ingila da Faransa sun zauna rabon ƙasashen da yawancinsu ba su ma taka ba. Ingilishi suka nace cewa duk abin da ke ƙarƙashin Sarkin Musulmi nasu ne, sai aka kafa tsinin kamfas a tsakiyar birnin Sakkwato, aka buɗe shi tsawon mil 100, wajen kilomita 160 ke nan, aka zana baka ta arewa. Abin da ya faɗa cikin bakan na Ingila, abin da ya rage na Faransa. Da aka zo duba ƙasa sai aka tarar Kwanni da rijiyoyinta, da gonakin gero na kudancin Adar, da tsohuwar hanyar fatake, duk sun faɗa wa Ingilishi. Faransawa suna da kogin Kwara a yamma, suna da Damagaram a gabas tun da suka ci Zinder a ƙarshen Yulin 1899, amma ba su da hanyar da ayari zai bi tsakanin biyun ya sha ruwa kullum. Sai dai a kewaye ta arewa: a tashi daga Sorbon Hausa a bakin kogi, a bi Filinge, a ratsa ƙasar Kurfai, a faɗa Tawa, sannan a gangara gabas. Tafiyar ta kusa kilomita 1,000, kuma mafi munin zangonta shi ne wanda Sanam ke tsakiyarsa.

Yaron da ya kama Samori

An haifi Gouraud a Paris ranar 17 ga Nuwamba, 1867, ɗan likita, a gida mai riƙo da addinin Katolika. Yana ɗan shekara uku Jamus ta lallasa Faransa ta ƙwace mata Alsace da wani ɓangare na Lorraine, saboda haka ya tashi cikin tsarar da aka raina da zancen ramuwa. Ya shiga makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr a 1888, ya fita a 1890. Zaman bariki a Faransa bai yi masa ba, don a lokacin babu yaƙi a Turai, kuma soja mara yaƙi sai ya yi furfura yana jiran anini. A Afirka ake samun girma da wuri. A 1894 ya sauka a Sudan ta Faransa, Mali ta yanzu.

Sunansa ya fito ne ranar 29 ga Satumba, 1898. Almami Samori Ture ya shafe shekara goma sha shida yana fafatawa da Faransawa, yana ja da baya yana sake kafa daula, har yunwa ta ci rundunarsa a cikin duwatsun yammacin Kodebuwa. Gouraud, yana kyaftin, ya ɗauki 'yan bindiga wajen 200 ya bi sawun da rundunar ta bari, hanyar da gawawwakin waɗanda yunwa ta kashe suka cika, inda ba wanda ya zaci za a biyo. Da safe suka faɗa sansanin Almami a Gelemu ba tare da harbi ba, aka kama shi. Aka kai shi Gabon, can ya rasu a watan Yunin 1900.

Sa'a ma ta taimaki kyaftin ɗin. A daidai waɗannan makonni Ingila ta tilasta wa Faransa janyewa daga Fashoda a bakin kogin Nilu, ga kuma shari'ar wani hafsan soja mai suna Dreyfus ta raba kan ƙasa ta zubar da mutuncin soja. Paris na neman gwarzon da za ta nuna, sai ga saurayi mai shuɗin ido ya kamo Samori. 'Yan siyasar da ke ingiza mulkin mallaka, irin su Eugène Étienne, suka rungume shi, kuma wannan jingina ta yi masa amfani har tsufansa.

Abin da ya tarar

Kafin ya iso ƙasar Hausa, wasu sun riga shi, kuma sun bar tabo. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa daga Sansanin Hausa zuwa Lugu, inda Sarauniya ta tare su, zuwa Birnin Kwanni da suka yi wa kisan kiyashi, suna ƙone garuruwa suna rataye mutane. Har Kanar Klobb da gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da su suka harbe a Dankori ranar 14 ga Yuli, kafin sojojinsu su juya musu. Duk Bature mai kakin soja da ya biyo baya, da wannan ido aka dube shi.

A 1900 Faransa ta ƙirƙiri abin da ta kira yankin soja na uku, ta ba Laftanar-Kanar Péroz, Gouraud kuma na biye masa da muƙamin kumandan. Aikin da aka ɗora masa a bayyane yake: ya sa kaya su riƙa isa Zinder, daga can su wuce Cadi, kusa da inda aka kashe Rabe a Kusuri a watan Afrilun shekarar. Harsashi, albarushi, tufafi, kuɗin azurfa, giyar hafsoshi da garin burodinsu, komai sai ya bi ta Kurfai.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi lissafi irin na madugu. Ayarin soja mai mutum ɗari biyu ko uku, da dawaki, da ɗaruruwan dabbobin kaya, ya sauka a rijiyar da aka haƙa don ƙauye mai gida talatin. Kafin rabin dabbobi su sha, wasaki ya fara fito da laka. Sai a raba ayarin ƙungiya-ƙungiya, a jira rijiya ta tara, a cika salkuna, a yi tafiyar dare don gudun rana. Mutanen ƙauye da garkensu fa? Su ne na ƙarshe a layi a bakin rijiyarsu. Aka kafa bariki a Filinge, aka kafa wani a Tawa, wadda a lokacin 'yan garuruwa biyu ne maƙwabta, Bilbis da Fakawa. Aka shiga haƙa sababbin rijiyoyi da yashe tsofaffi. Littattafan Faransawa suna lissafa wannan cikin alheran da suka kawo, kuma gaskiya ne matafiya sun sha ruwan daga baya. Amma hannun da ya riƙe dagi ya shiga ramin na talakan ƙasa ne, geron da ma'aikata da sojoji suka ci daga rumbunsa aka ɗebo, takarkarin da ya faɗi a hanya ya mutu nasa ne. Kuma duk wannan ya faɗo a shekarun da yammacin Nijar ke cikin yunwar da Zabarmawa suka sa wa suna Ize-nere, wato sayar da 'ya'ya.

Raƙuma kuwa suna hannun Buzaye, musamman Kel Geres, waɗanda ke da ƙarfi a Adar da iyakar Gobir. Arzikinsu ayari ne: su ɗauko gishiri daga arewa, su sauke a kasuwannin Hausa har Kano da Sakkwato, su koma da gero da tufafi, kuma suna karɓar rabo daga manoman da ke ƙarƙashinsu. Baƙon da ya zo yana neman raƙumansu da geronsu da hanyarsu a lokaci guda, ba sai an tambayi yadda za su karɓe shi ba. Aka gwabza a Zangebe a watan Afrilun 1901, aka sake a Galma, kusa da Madawa, a watan Yuni. Kel Geres suka yi irin yaƙin da suka gada, sukuwa da takobi da mashi da garkuwar fata, suka tarar da 'yan bindiga sun yi sahu kusurwa huɗu suna harbi da umarni. Jarumta ba ta hana harsashi shiga. Kafin shekarar ta ƙare sun miƙa wuya a Tamaske. Galibin masu riƙe da bindigogin nan ma baƙaƙen fata ne, Bambarawa da sauran mutanen yamma da aka ɗauka soja, Turawan cikinsu ana iya ƙirga su da yatsu.

Da Péroz ya koma gida, ragamar yankin duka ta dawo hannun Gouraud, ya riƙe har 1903. Abin dariya, ko na takaici, shi ne hanyar da aka sha wannan wahala dominta ba ta daɗe tana da muhimmancin farko ba. Lugard, Baturen Ingila, ya ci Kano a Fabrairun 1903, ya ci Sakkwato a Maris. Ranar 8 ga Afrilu, 1904, Ingila da Faransa suka shirya a tsakaninsu: Faransa ta saki haƙƙin musamman na kamun kifi da take da shi a gaɓar Newfoundland, can arewacin Amurka, Ingila kuma ta ja iyakar Nijeriya kudu don Faransawa su sami hanya mai ruwa. Yarjejeniyar 1906 ta ƙara daidaita layin, hafsoshin ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, suka bi suna kafa alamomi. Ta haka Kwanni da Maraɗi suka tabbata a Nijar. Bagobirin Tsibiri da ɗan'uwansa na Sabon Birni sun zama 'yan ƙasa biyu, kuma cikin abin da aka auna a cinikin har da kifin wani teku da ba su taɓa jin sunansa ba.

Mayaƙi

Abin da zamanin ya bari a Kurfai da ya fi rijiyoyi daɗewa shi ne sarauta. Kurfayawa, waɗanda Zabarmawa ke kira Suje, manoma ne masu jin Hausa da suka gangaro daga wajen Adar suka zauna arewacin dallol. Ba su saba da sarki guda mai iko a kan kowa ba. Kowane gari da dattawansa da masu kula da al'amarin ƙasa da iskoki, in yaƙi ya taso kuma a bi mayaƙan da suka gwada kansu a fama da Buzayen maƙwabta. Soja mai neman gero buhu kaza da 'yan alaro kaza kafin jibi ba shi da lokacin zama da dattawan gari ashirin. Mutum guda yake so, wanda zai ba umarni, wanda kuma zai kama in kaya ba su zo ba. Faransawa suka sami wannan mutum a Gado Namalaya, jarumin da ya karanci inda iska ta dosa ya ba su hannu da wuri. Suka ɗora shi a kan kanton Kurfai duka, da sarautar Mayaƙi.

Ba adalci ba ne a ce Namalaya ɗan amshin shata ne kawai. Mutanensa sun daɗe suna shan hari, ya ga ƙarfin da zai kare su da shi, ya kuma ga inda gidansa zai ɗaukaka. A 1916, da Firhun, shugaban Iwillimidan na yamma, ya tayar wa Faransawa ya kawo yaƙi har Filinge, Kurfayawa na gefen bariki. Gidan ya ci gaba da fitar da manya: Adamu Mayaƙi ya yi ministan harkokin waje a zamanin Diori Hamani, ɗansa Ibrahim Hassan Mayaƙi ya zama firaminista a 1997. Amma ga talakan da ake karɓar lanho a hannunsa, ake kuma ɗebe shi aikin tilas, sarautar da bariki abu guda ne. Wannan ƙulli zai fashe bayan shekara ashirin da 'yan kai.

Shi Gouraud tuni ya yi gaba. Daga 1904 zuwa 1906 yana Cadi. Daga 1907 yana Muritaniya, inda ya jagoranci yaƙin Adrar ya shiga Atar a Janairun 1909. A 1912 yana Maroko tare da Janar Lyautey, ya kori kabilun da suka kewaye Fas, aka ba shi janar yana ɗan shekara 44. Yaƙin duniya na farko ya mai da shi Turai. A Dardanel, ranar 30 ga Yuni, 1915, harsashin igwar Turkawa ya fashe kusa da shi, ya karya masa ƙafafu, aka yanke masa hannun dama. Bayan 'yan watanni ya koma fagen fama yana sara wa tuta da hagu. Ranar 15 ga Yuli, 1918, da Jamusawa suka kawo harinsu na ƙarshe a Champagne, ya janye mutanensa daga ramukan gaba ya bar igwogin abokan gaba suka zubar da wutarsu a wofi, sannan ya tare su a layi na biyu. A Nuwamba ya shiga Strasbourg, babban birnin Alsace ɗin nan da aka raine shi da kukan rashinsa. Ko maƙiyinsa ba zai ce masa matsoraci ba, kuma ba a taɓa jingina masa irin ta'asar Voulet ba. Soja ne mai horo, mai lissafi, wanda ya yi imani har zuci cewa Faransa na da haƙƙin mulkin wasu. Imanin nan ne ɓarnar, don mai shi yana ƙwace maka ƙasa hankalinsa kwance.

Daga Adar zuwa Sham

Musulmin duniya sun fi saninsa da abin da ya biyo. A ƙarshen 1919 aka naɗa shi babban wakilin Faransa a Siriya da Labanan. Larabawa sun naɗa Faisal ɗan Sharif Husaini sarki a Dimashƙa a watan Maris na 1920, bisa alkawarin da suka ɗauka Ingila ta yi musu lokacin yaƙi, alhali Ingila da Faransa sun riga sun raba yankin a takarda. Gouraud ya aika wa Faisal wa'adi ranar 14 ga Yuli. Bayan kwana goma rundunarsa, ƙarƙashin Janar Goybet, ta murƙushe 'yan Siriya a Maisalun, ministan yaƙinsu Yusuf al-Azma ya faɗi a fagen. A cikin rundunar akwai sojojin Afirka ta Yamma da na Magrib. Ranar 1 ga Satumba ya tsaya a Bairut ya shelanta kafa Babbar Labanan, sauran ƙasar kuma aka yanka ta gunduwa-gunduwa: Dimashƙa daban, Halab daban, Alawiyawa daban, daga baya Duruzawa ma daban. Akwai labarin da ya bazu cewa ya je kabarin Salahuddin ya yi masa gatse, amma masana tarihi suna jayayya kan ko shi ne, ko ma an yi.

Wanda ya san abin da ya faru tsakanin Filinge da Tawa ba zai yi mamakin Sham ba. Layi ne aka ja a Turai, aka aiko soja ya mai da shi gaskiya a ƙasa, ya karya mai ƙarfi, ya nemo wanda zai jingina da shi cikin 'yan ƙasa, ya raba sauran. A Yunin 1921 aka yi masa kwanton ɓauna a hanyar Kunaitira, harsashi ya huda hannun rigarsa na dama, wanda babu komai a ciki. A 1923 ya koma gida aka ba shi gwamnan soja na Paris, ya riƙe shekara goma sha huɗu yana jagorantar fareti da buɗe gumakan tunawa da matattu.

Yana cikin wannan daula Kurfai ta ba da amsarta. Wajen 1925, a garin Shikal kusa da Filinge, wasu sababbin iskoki suka fara hawa kan wata mata mai suna Shibo. Hausawa suka ce musu Babule, Zabarmawa suka ce Hauka. Iskokin ba na daji ba ne ko na ruwa, na bariki ne: akwai Gwamna, akwai kyaftin, akwai kofur. Wanda suka hau sai ya miƙe ƙyam, ya yi tafiyar soja, ya riƙe bindigar itace, ya yi ta ba da umarni da wani gwaranci mai kama da Faransanci, ya kama wuta da hannu ba ta ƙone shi ba. Samari da 'yan mata suka bi, suka ƙi lanho, suka ƙi aikin tilas, suka juya wa Mayaƙi baya. Kumandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya sa aka kamo su aka kulle aka ba su kashi. Sakamakonsa, shi ma aka mai da shi iska, aka sa masa suna Kumandan Mugu. Aka kori manyansu daga ƙasar, 'yan ci-rani suka tafi da abin har Gwalkwas, Gana ta yanzu, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les maîtres fous a Ankara a tsakiyar shekarun 1950. A cikin fim ɗin ana fasa ƙwai a kan gunkin Gwamna, farin da gwaiduwar su gangaro, kwaikwayon gashin tsuntsun da ke kan hular gwamnan Ingilishi. Masana sun yi ta muhawara ko wannan tawaye ne, ko ba'a, ko addini tsantsa. A ganina mutanen da aka mulka da kaki da ihu sun zauna sun nazarci mai mulkinsu ƙwarai, fiye da yadda shi ya nazarce su.

Gouraud bai yi aure ba. Ya ƙare kwanakinsa yana rubuta tarihin yaƙe-yaƙensa, ciki har da littafin Zinder-Tchad da ya fito a 1944, wanda har yau masu binciken tarihin Nijar ba sa iya tsallake shi. Ya mutu a Paris ranar 16 ga Satumba, 1946, aka binne shi a Navarin cikin sojojinsa na Champagne. A watan Afrilun shekarar sojan Faransa na ƙarshe ya bar Siriya, a watan ne kuma majalisar Faransa ta soke aikin tilas a ƙasashen da take mallaka. A Bairut har yanzu akwai titi mai sunansa. Garin Muritaniya da aka sa wa Fort-Gouraud ya koma Fderik.

Hanyar Sanam kuwa ba ta daina ganin ayarin soja ba. Ranar 25 ga Disamba, 2019, 'yan bindiga suka yi wa jami'an tsaron da ke rakiyar masu rajistar zaɓe kwanto a yankin, suka kashe 14. A Disambar 2023 sojojin Faransa suka kwashe kayansu suka bar Nijar, a shekarar da ta biyo kuma hukumomin Yamai suka sauya sunayen wasu tituna da wuraren da ke ɗauke da sunayen Faransawa.

Sauya allo abu ne mai sauƙi. Aikin da ya rage ya fi wannan nauyi. Takardun Gouraud, da wasiƙunsa, da ɗimbin hotunan da ya tara, suna ajiye a gidan adana takardu na ma'aikatar harkokin wajen Faransa a La Courneuve. Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, Kimba Idrissa ya rubuta na yaƙe-yaƙen yamma da turjiyar mutanenta, amma labarin hanyar nan daga bakin waɗanda suka haƙa rijiyoyinta suka ɗauki kayanta a ka yana wurin jikokinsu da tattaɓa-kunnensu a Sanam da Shikal da Filinge, kuma rashin tsaro na tarwatsa garuruwan da ake ba da shi. Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar bincike ta IRSH su nemo kwafin hotunan nan, su kai su Kurfai a nuna wa dattawa, a ɗauki abin da za su faɗa da Hausa tun suna da rai.